Zubin faifan garmaho: inda na rage kuɗi da inda na ƙi ragewa

Kan tsohon garmaho, irin wanda ake murɗa wa hannu, yana sauka a kan faifai da nauyin da ya haura giram 100, kuma duk nauyin nan a tsinin allurar ƙarfe guda yake taruwa. Na'urar faifai ta zamani kuwa giram 2 ko kusa da haka take ɗorawa. Duk wanda zai yi wa masu tsohon garmaho sabon faifai, da wannan bambanci zai kwana, da shi zai tashi, domin shi ke yanke abin da za a zuba, da yadda za a zuba shi, da kuɗin da za a ce a biya.

Ni mai gyaran rediyo da amfilifaya ne a Kano. Garmaho ya shigo mini ta hannun dattawa, waɗanda suka gaji akwatin iyayensu ko suka saya tun suna samari. Yawanci ƙirar HMV 102 ce, baƙin akwatin nan mai hannu da kamfanin Gramophone na Ingila ya fara fitarwa a 1931. In sauya sifirin, in wanke tsohon giris, in sa sabuwar roba a kai, akwati ya tashi. To amma da zarar ya tashi sai wata damuwar ta biyo baya. Mutum yana da faifai guda da ya fi so, ya san kowace sakawa tana cin wani abu daga jikinsa, ya kuma san in ya faɗi ƙasa sau ɗaya shi ke nan. Sai ya naɗe shi a tsumma ya kai ƙasan adaka, garmahon da ya kashe wa kuɗi ya koma kayan kallo.

Tsoron nasu yana kan hanya. Fayafayan kiɗan Turawa na wancan zamani an buga su da yawa, har gobe ana sayar da su a Ingila da Amurka a kan kuɗi kaɗan, wanda ya fasa ya sayi wani. Namu ba haka suke ba. Tsakanin 1927 da 1930 kamfanin Zonophone ya ɗauki muryoyin mutanen Afirka ta Yamma a Landan, cikin harsuna da dama har da Hausa, aka buga aka turo ta jirgin ruwa. Daga baya HMV da Decca da wasunsu suka riƙa ɗaukar mawaƙa a nan Afirka ta Yamma. Abin da ya iso hannun mutane, zafi da ƙura da tashi daga gida zuwa gida da hannun yara sun cinye mafi yawansa. Saboda haka kwafi ba shi da amfani sai ga faifan da samun na biyunsa ke da wuya. Wanda ya kawo mini faifan bandar Turawa ya ce in zuba masa, nakan ce ya riƙe kuɗinsa, asalin ma ya fi kwafina araha.

Na fara da binciken masana'antun buga faifai na waje. Akwai masu iya buga mai gudun 78, wato mai zagaye 78 a minti ɗaya irin na garmaho, amma da robar zamani da ake kira binil, kuma ba sa tayar da inji don guda goma, sai ɗaruruwa. Ko da kuɗin yana nan, binil ba ya jure allurar ƙarfe, sakawa kaɗan ta yayyaga shi. Akwai kuma masu yanka faifai ɗai-ɗai da inji, kai tsaye daga sautin kwamfuta. Wannan yana da daɗi ta fuska guda, don ana iya share ƙarar tsufa kafin a yanka, sai dai abin da ya yi wa wuƙar yanka laushi, ya yi wa allurar garmaho ma. Abin da ya rage shi ne zubi: a ɗauki siffar tsohon faifan da silikon, a zuba rezin a ciki, wato ruwan roba mai yin tauri, ya daskare ya fito da tsaginsa.

Kafin in sayi komai sai da na zauna na fahimci abin da nake son kwaikwaya. Tsohon faifai ba roba ba ne. Kusan kashi ɗaya cikin uku shalak ne, wani ƙaro da ƙwaro ke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya da Tailan, sauran kuwa garin dutse ne mai laushi, da ɗan zaren auduga don ƙarfi, da kunkunniya don baƙi. Garin dutsen nan da gangan aka sa shi. Aikinsa ya ci allura, ya goge tsininta tun a zagayen farko har ta zauna daidai cikin tsagi, nauyin ya bazu. Shi ya sa ake sayar da allura 100 ko 200 a ɗan gwangwani, aka kuma ce kowace allura fuska ɗaya take yi a jefar da ita. Masu faifan sun zaɓi allura ta mutu, faifai ya rayu, kuma shuuu ɗin da ake ji a bayan waƙa shi ne ladan wannan zaɓi. Rezin ba shi da dutsen nan. In bai yi tauri ba, shi allura za ta ci.

Aikin gaske daga zaɓen uwa yake farawa, wato faifan da za a ɗauki siffarsa. Zubi ba ya gyara murya. Kowane karce, kowace ƙurar da ta maƙale, kowane wuri da tsagi ya zaizaye, haka zai fito a kwafi, a kowane kwafi. Nakan karkata faifai a ƙarƙashin fitila in duba. Lafiyayyen tsagi baƙi ne wuluk, wanda ya sha allura kuwa yakan yi toka-toka, musamman inda mawaƙi ya ɗaga murya ko ganga ta yi nauyi. Wani dattijo ya taɓa kawo mini nasa, rabinsa duk ya yi fari.

"Malam, wannan nake so. Shi mahaifina ya bar mini."

"Ranka ya daɗe, zan iya zuba shi, amma kukan da yake yi a tsakiya zai biyo shi. Akwai irinsa a hannun wani bawan Allah a Zariya, bai sha allura haka ba. In ya yarda ya ara mana, kai ka samu mai kyau, shi ma ya samu."

Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "To, a tambaye shi. Amma nawa a bar mini shi yadda yake."

Tun daga nan na sa wa kaina doka: duk wanda ya ara uwa, kwafin farko nasa ne kyauta, kuɗin mota da na wanda zai raka faifan kuma a kaina. Faifan shalak ba na ba direba saƙo. Wannan duk yana shiga lissafi, kuma ban taɓa jin ciwonsa ba, domin uwa mai kyau ta fi duk wani sinadari da zan saya tasiri a kan abin da kunne zai ji.

Wanki ba ya cin kuɗi, haƙuri yake ci. Tataccen ruwa, ɗigon sabulun wanke-wanke, burushi mai laushi, ana bin tsagi yadda ya zagaya. Sifirit ba ya hawa teburin ko da wasa, don shalak narkewa yake a cikinsa. Wasu fayafayan, musamman na Columbia, akwai takarda a cikinsu tsakanin fuska da fuska, in ruwa ya shiga ta baki sai su kumbura, don haka ba na tsoma faifai, shafawa nake yi in tsane, in bar shi ya kwana. Bayan nan nakan sa shi sau ɗaya a na'urar lantarki mai sauƙin kai, da allura mai faɗin tsini irin ta 78, in ɗauki sautin a kwamfuta. Da wannan zan auna duk abin da zai fito daga mazubi.

Silikon shi ne wurin farko da aljihu ya yi gardama da kunne. Iri biyu ne. Akwai mai daskarewa da sinadarin kuza, akwai mai daskarewa da filatinum. Na kuza ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma ya fi sauƙin samu, da irinsa masu adon silin suke aiki. Illarsa tsukewa. Yana tsukewa bayan ya daskare, yana ci gaba da tsukewa a hankali, kuma ba lallai ya tsuke daidai ta kowane gefe ba. A furen silin babu wanda zai lura. A faifai kuwa, da'ira ce take ɗan komawa ƙwai, hannun garmaho ya riƙa lilo, muryar mawaƙi ta riƙa hawa da sauka inda shi bai hau ba bai sauka ba. Na filatinum kusan ba ya tsukewa, yana kuma daɗewa, amma yana da tsirfa. In ya haɗu da farar wuta, ko safar hannu ta danyar roba, ko ɓurɓushin na kuza a kofin da aka dama, sai ya ƙi daskarewa, ya zauna yana danƙo. A ce hakan ta faru a kan faifan aro! Shi ya sa kowace sabuwar gwangwani sai na gwada ta a kan fasasshen faifai, in da hali na kamfani ɗaya da uwar, in ga ta daskare ta kuma saki ba ta kama ba. Man fesawa da ake sa wa mazubi don ya saki kuwa ba na amfani da shi. A kowane inci na fuskar faifai akwai layi kusan 100, kuma waƙar tana cikin 'yan lanƙwashe-lanƙwashen bangon layin ne, waɗanda ido ba ya gani. Mai kaɗan ya isa ya cike su.

Na zaɓi na filatinum, kuma ban sake waiwayar ɗayan ba.

Abin sha'awa, tsukewar da nake gudu ita ce ta yi wa Edison, Ba'amurken da ya ƙirƙiro na'urar ɗaukar sauti, rana. Fayafayansa na kaki ne masu siffar gwangwani, kuma a 1902 ya fara fitar da waɗanda aka zuba a mazubin ƙarfe. Da kakin ya huce sai ya tsuke, a zare shi ba tare da tsagi ya goge ba. Ma'ajiyar sauti ta birnin Balin na Jamus, wadda aka kafa a 1900, ita ma ta riƙa yin mazubin jan ƙarfe daga gwangwanayen kakin da masu bincike suka ɗauko daga ƙasashe, a zuba sababbi daga ciki. Har yau a Ingila da Amurka akwai masu zuba wa masu tara irin waɗancan na'urori sababbin gwangwanaye, kuma su ma tambayar da ke gabansu ke nan: nawa mai saye zai iya biya, me kuma za a iya ragewa ba a taɓa sauti ba.

Ga yadda nake ɗaukar siffa. Ina kwantar da faifai a kan gilashi mai kauri, in daidaita da lebur, in rufe takardar tsakiya da 'yar leda da na yanka daidai ita, in like bakin faifan da kakin zuma don kada silikon ya shiga ƙarƙashi, in kewaye shi da zobe. Silikon kashi biyu yake zuwa a haɗa, kuma a sikeli nake auna su, ba da ido ba. Bayan na dama sai in sa kofin a tukunyar zuƙe iska. Injin na masu gyaran firji ne, na hannu na saya, kuma yana aikinsa sarai. A ciki za ka ga silikon ya taso ya ninka kansa biyu ko uku, yana tafasa ba wuta, sannan ya faɗa gaba ɗaya. Sai na ga faɗawar nan nake buɗewa. Ina zubawa daga sama, siriri, a gefe guda, in bar shi ya malala da kansa ya tura iska gaba. Ƙwayar iska guda a mazubi ƙurji ne a cikin tsagi, kuma duk wanda ya sayi kwafi zai ji ƙas a daidai wurin har abada. Washegari silikon nake ɓarewa daga faifai, a hankali, faifan yana kwance a kan gilashi. Shi ba ya lanƙwasuwa, karyewa yake.

Ramin tsakiya milimita 7 ne da ɗan ɗoriya. In an bar silikon ya cike shi, ɗan turken da zai fito yana da laushi, nauyin rezin ma yakan karkata shi. Na sa an sassaƙa mini turke na ƙarfe a wurin masu injin ƙarfe, ina dasa shi kafin zubi. Kuɗinsa kaɗan ne, sau ɗaya kuma ake biya. A nan ne kaɗai kwafi yake iya fin uwarsa, domin tsofaffi da yawa raminsu ya buɗe. Nakan juya faifan ina duban tsagi da ɗan tsinke a tsaye, har sai layin ya daina kai da kawowa, sannan in kafa turken a nan.

Sai rezin. Na yi mazubin gwaji da fayafayan da ba wanda yake so, na jera abin da ake samu. Epoksi mai araha, irin wanda ake zuba wa tebur da kayan ado, shi ya fi kowanne kyan gani. Yana fitowa da sheƙi, duk wanda ya ɗauka sai ya yaba. Da aka ɗora masa kai, faranti ya fara ja da baya, murya ta yi nauyi, kafin a kai tsakiya sifirin ya gaji. Na cire allurar na duba ta da madubin masu gyaran waya, sai ga tsininta naɗe da siraran zaren rezin da ta fere daga cikin tsagi. A sakawa ta biyu kalmomin sun fara cuɗewa. Ga shi kuma ba ya son zafi, in aka bar shi a mota cikin Afrilu sai ya karkace. Araha ba ta ado, aka ce, to wannan ta yi adon, aikin ne babu.

Wanda ya tsaya shi ne foliyuritan mai tauri, wanda ya kai 80 ko fiye a ma'aunin tauri na Shore D. Ruwa-ruwa ne, yana shiga tsagi da kyau, in ya daskare allura tana zamewa a kansa maimakon ta nutse. Ya fi tsada, daga waje yake zuwa ta Legas, farashinsa yana bin dala. Kuma maƙiyinsa laima ce. Ɗaya daga cikin kashi biyunsa yana haɗuwa da danshi ya fitar da iska, sai zubi ya cika da ƙananan kumfa. A watan Agusta, in ba dole ba, ba na buɗe gwangwani. Hunturu ya fi dacewa saboda bushewar iska, sai dai ƙura, don haka ɗaki a rufe, tagogi da leda, kowane zubi kuma da babban baho a kife a kansa. Da bazara zafi yana gaggauta daskarewa, lokacin da aka rubuta a jikin gwangwani na ƙasa mai sanyi ne, a nan ba ya kaiwa. Bayan sallar asuba nake zubi.

Maganin ragowar kumfa shi ne tukunyar matsi, irin ta masu fentin mota, a haɗa ta da kwamfaresa, rezin ya daskare a ƙarƙashin iska mai ƙarfin bar 3 ko 4 a ma'aunin matsi. Matsalar ita ce faifai mai inci 10 santimita 25 ne, ga kuma bakin mazubi, dole kuma ya kwanta a miƙe. Ƙananan tukwanen da suka cika kasuwa ba sa ɗaukarsa. Babbar ita ce abu mafi tsada da na saya a wannan aiki. An ba ni shawarar a haɗa mini a wurin masu walda da rabin kuɗin, na ƙi. A matsin nan, abin da ke tura murfi mai faɗin santimita 30 ya haura tan 2, kuma akwai yara masu koyon aiki a shagon.

To ina sauƙin yake? Na same shi a bayan faifai. Tsohon mai inci 10 nauyinsa ya kusa giram 200, kuma ana bukatar nauyin, don marar nauyi yakan zame a kan faranti in kai ya danne shi. A cike wannan kauri duka da rezin mai tsada ɓarna ce, tunda allura fatar sama kawai take taɓawa. A zuba gari a cikin rezin don ya yi auki kuma, garin yana kwantawa ƙasa, ƙasan mazubi kuwa nan ne fuskar waƙa, sai shuuu ta ninka. Don haka zubi biyu nake yi. Na farko siriri, tsantsar mai kyau, da ɗan garin girafait, wato bakin fensir, don baƙi da santsi. In ya fara kamawa, yatsa yana barin alama a gefe amma ba ya ɗaukowa, sai in bi da na biyu: foliyuritan na kasafai, da garin kalsiyam irin na masu haɗa fenti. Dole su zama dangi ɗaya, in ba haka ba kowanne ya tsuke yadda ya ga dama, faifai ya kumbura ta tsakiya. Bayan an cire shi yakan yi kamar mako tsakanin gilashi biyu, da nauyi a kai, kafin ya ga allura. Wannan dabara kaɗai ta rage kuɗin rezin sosai, kuma da na gwada da tsantsa, kunnena bai raba su ba.

Sauƙi na biyu shi ne fuska ɗaya. Mai fuska biyu yana bukatar mazubi biyu da za a haɗa baki da baki, iska tana samun wurin ɓuya, waɗanda ake zubarwa suna yawa. Wanda yake son waƙoƙin biyu nakan yi masa fayafayai biyu, ya fi masa araha. Wasu sukan ɗan ɓata rai, sai in tuna musu cewa faifai da fuska ɗaya ya fara, sai a 1904 kamfanin Odeon na Jamus ya yaɗa mai biyu. Takardar tsakiya a shagon kwamfuta ake buga ta, baƙi a kan takarda marar sheƙi, da sunan mawaƙi da lambar asali. Riga kuma takarda ce mai kauri ruwan ƙasa, yaran shago ke naɗewa.

Kowane kwafi yana hawa na'urar lantarki a gwada shi da sautin uwa. Daga kowane zubi kuma nakan ware guda in ba allurar ƙarfe, in yi ta sakawa har ya gaza, don in san abin da nake sayarwa. Ba na ce wa kowa kwafina ya kai shalak jure ƙarfe, bai kai ba. Fayafayanmu kusan duk bayan 1925 aka ɗauke su, lokacin da makirufo ya shigo, sautinsu ya fi ƙarfi, lanƙwasar tsagi ta fi faɗi, kuma wurin kalangu da ganga shi ke fara zaizayewa. Shi ya sa nake haɗa kowane faifai da siririyar allura, mai sanyin murya, in roƙi mutum ya bar mai kaurin nan. Wanda ya fi so ya daɗe kuwa sai in nuna masa ƙaya. Masu son faifai a Ingila sun daɗe da amfani da allurar gora da ta ƙaya don kare fayafayansu, mu kuwa ga aduwa a bayan gari. A zaɓi miƙaƙƙiya, a busar da ita sosai, a fiƙe da takardar goge katako mai laushi. Murya tana raguwa, amma tana yin taushi, tsagi kuma yana hutawa.

Akwai abin da nake yi kyauta saboda yana kare sunan aikina. Ba na miƙa faifai sai na ga kan garmahon da zai hau. Robar da ke riƙe da tantanin kai in ta shekara da yawa takan bushe ta ƙage, allura ta kasa bin lanƙwasa, sai ta riƙa yanka hanya. Irin wannan kai ko shalak yana kashewa. Sauya robar ba ya ɗaukar lokaci, kuma sau da yawa mutum yakan ce bai taɓa sanin akwatinsa yana da wannan murya ba.

Farashi kuwa watanda na mayar da shi. Mazubi shi ne saniyar, mutum ɗaya ba ya iya sayenta, amma in an taru kowa ya samu kashinsa. Ba na dama silikon sai an samu sunayen da za su ɗauki nauyinsa, kowa ya ba da wani abu a gaba. Sannan in tara kuɗin silikon, da rezin, da man janareta na ranar da aka ɗauke wuta, da zirga-zirgar uwa, da kwafin mai aro, da wanda na ba allura, da waɗanda suka fito da aibi, da ladan hannuna, in raba a kan masu kyau. Ina nuna wa kowa takardar. Dattawan nan 'yan kasuwa ne da tsofaffin ma'aikata, in sun ga inda kuɗi ya shiga ba sa ja. Waƙar da mutum biyu kawai ke nema tana fitowa da tsada, nakan faɗa musu tun farko, su zaɓa ko su jira.

A cikin takardar akwai layi guda na iyalan mawaƙi. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta ba ɗaukar sauti shekara 50, amma ita waƙar kanta tana da kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Ko babu doka ma, ba na jin daɗin in sayar da muryar mutum 'ya'yansa suna nan ba su sani ba. Inda na san gidan, nakan je in gaishe su, in nemi izini, in kai musu kasonsu da kwafi guda.

Wani mai sayar da kayan tarihi ya zo mini da wata shawara. A bar masa mai arahar nan mai sheƙi, a buga takarda irin ta asali, a jiƙa ta da ruwan shayi ta yi tsufa.

"Maigida, masu sayen nan ba sakawa suke yi ba, a bango suke ratayewa. Kai ka samu, ni na samu."

"Alhaji, ka yi haƙuri. Wanda ya rataye yau, wani zai gada gobe, ya ɗauka na gaske ne."

Bayan tafiyarsa na sa aka yi mini ɗan hatimi. Tun rezin bayan yana da taushi nake danna shi: KWAFI, da shekarar zubi. Takarda ana iya ɓare ta, wannan kuwa sai an fasa faifan.

Mazubi ma yana da ajali. Rezin yana busar da silikon kaɗan-kaɗan, sai ka ga fuskarsa ta dushe, yana riƙe faifai wajen cirewa, sannan siraran layukan su fara tsinkewa. Jarabar ita ce a ƙara guda biyu ko uku, tunda kuɗinsa ya riga ya fita, duk abin da ya biyo baya riba ce. Ranar da kwafi ya fito da shuuu fiye da na farkonsa, nakan yanka mazubin biyu da reza, don kada wata rana matsi ya sa in ɗauko shi. In buƙata ta sake taruwa sai a koma wurin mai uwa a sake roƙo, kuma ba na ɗaukar siffar faifai ɗaya fiye da yadda ya zama dole.

Yanzu abin da ke gabana masu inci 12 ne, waɗanda ke ɗaukar minti huɗu da wani abu. Akwai mutum biyu da suka kawo nasu, tukunyata ba ta ɗaukarsu, wadda za ta ɗauka kuma kuɗinta ya fi ƙarfin mutum biyu. Na wanke musu fayafayan, na ɗauki sautin a kwamfuta, na yi wa kowanne sabuwar riga, na rubuta sunayensu a sabon shafi. In shafin ya cika za a sayo tukunyar.